Hannun da Ya Sauka a Ƙeyata

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, kuma ko na so mantawa, mutanen layinmu a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, ba za su bar ni ba.

Sana'ata tura fina-finai a waya. Ɗan shago gare ni kusa da masallaci, kwamfuta ɗaya da benci biyu, kuma saboda yawan kallo sai na naɗa kaina alƙalin fim. Na ban tsoro kuwa shi na fi rainawa. Duk wanda ya zo nemansa sai na yi masa huɗuba tukuna: a shafa wa mace farar hoda, a zuba mata zoɓo a baki a ce jini ne, a doka ganga da ƙarfi, wai kai ƙato da gemunka ka razana. (Ina zagin fim ɗin, ina tura musu shi. Kunya ba ta cikin kayan shagona.)

A lokacin ina neman auren Rukayya, haifaffiyar Sabo, mai Yarbanci kamar a Oja, tsakiyar kasuwar Yarbawa, aka yanke mata cibiya. Ni daga Zariya na zo, nawa Yarbancin bai wuce na tsayar da keke ba. Ta ce akwai sabon fim na Yarbawa da take so ta gani a silima, labarin wata uwa da ta mutu ta ƙi rabuwa da 'yarta. Babanta ya yarda da sharaɗi biyu: da rana za a je, kuma da yayarta, Anti Bilki. Kowa ya san aikin Anti Bilki a tafiyar nan. Ta auna ni, ta kai wa tsoho rahoto.

Na sha shadda da sitaci, na kafa doguwar hula kamar mai neman kansila. Kafin kekenmu ya wuce unguwar Mokola na buɗe aji.

"Anti, ni fa rakiya kawai na zo. Kafin fatalwar ta fito zan gaya muku ta wace ƙofa za ta ɓullo."

"To, Allah ya sa mu ci albarkacin iliminka," in ji Anti Bilki, idonta a kan titi.

Aka kashe fitila, aka fara. Na jira hoda, babu. Na jira zoɓo, babu. Ita kanta uwar ba a nuna fuskarta ba. Yarinya ce dai 'yar shekara bakwai take tashi da safe da sabon kitso a kanta, an yanke mata farce, ga kwanon koko da ɗuminsa a gefen gado, alhali ita da ubanta ne kaɗai a gidan. Na kece da dariya yadda na bayanmu za su ji.

"Fatalwa mai kitso! Ai sai ta kama shago."

Wani ya yi tsaki. Na ɗauka hassada ce.

Sai kitson ya fara tsauri, kullum ya fi na jiya, har gefen idon yarinyar yana ɗagewa. Ta daina cin abincin kowa, tana ramewa tana murmushi. A hankali uban ya gane matar tasa ba ziyara take kawowa ba, shirya yarinyar take yi ta tafi da abarta. Ya tara masu addu'a. Yarinyar ta riƙe ƙofar ɗaki tana kuka tana faɗin wata magana. Rukayya ta raɗa min: "Yaya, cewa take kar su kori uwarta, ita kaɗai ke sanin tana jin sanyi tun kafin ta faɗa."

A nan dariyata ta kafe. Marigayiya Innata ce ta faɗo min a rai, yadda take ɗora bayan hannunta a goshina ta gane zazzaɓi kafin ni in ji shi. Na tambayi kaina: da ita ce ta dawo a haka, gudu zan yi ko ƙofa zan buɗe mata? Tambayar nan ce ta sa gumi ya keto min duk da sanyin ɗakin.

Silima ta yi tsit. Babu ganga, babu ihu. Yarinyar tana zaune ta ba mu baya, sai wani hannu ya fito a hankali ya sauka a ƙeyarta, wata murya mai taushi ta ce, "Omo mi." Wannan kam na san ta: ɗana, ko 'yata.

A daidai nan wani hannu mai sanyi ƙarara ya sauka a tawa ƙeyar, aka ce a kunnena, "Omo mi..."

Jama'a, ban san makogwarona na da irin wannan muryar ba. "Wayyo Inna! Ki yafe min!" Guggurun da ke hannuna ya tashi sama, ya sauko a kan layi uku. Na ɗauko Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, na tsinci kaina a addu'ar shiga kasuwa. Na tattake ƙafar Anti Bilki, na kai ƙofa ina turawa, ashe ja ake yi.

Fitilun wayoyi suka haske ni. A kujerar bayan tawa, wata dattijuwar Bayarabiya ce riƙe da robar lemo mai ƙanƙara, ta dafe ƙirji tana zuba magana. Rukayya, hawayen dariya na zubo mata, ta fassara: "Mama ta ce don Allah ka cire hularka, tun ɗazu ta tare mata rabin fim."

Na dawo na durƙusa na ba Mama haƙuri. Ta shafa kaina ta ce, "Pele," wato sannu. Na ƙarasa kallon da hula a cinya, ina leƙe ta tsakanin yatsu.

Labarin ya riga ni isa Sabo. Washegari mai shayi ya miƙo min kofi yana cewa, "Omo mi, a sa madara?" Rahoton Anti Bilki kuwa gajere ne: "Baba, a ba shi. Yaron yana da tsoron Allah, yana da tsoron komai ma." Aka ba ni. Yanzu 'ya'yanmu biyu, kuma Rukayya ta yi alkawarin ba su labarin da zarar sun yi wayo.

Abin da na koya, da tsada: dodo mai ƙaho ba komai ba ne, ka san maƙiyinka ne, ka yi ta'awwuzi ka wuce. Wanda ke kama mutum shi ne abin da ya zo da ƙauna ya ƙi saki, don babu wanda ya taɓa koya mana yadda ake guje wa uwa. Sai kuma na biyu: in za ka raina fim, bari a kunna fitila tukuna.