Yadda Za Ka Ji Daɗin Tuƙi Kada a Ƙwace Maka Makulli

Babbar 'yar Mai Agogo ta ɗauke makullin motarsa ta jefa a jakarta.

Mai Agogo maƙwabcina ne. Gyaran agogo ya yi har waya ta zo ta kashe sana'ar. Abin da ya rage masa na fita a gan shi wata tsohuwar mota ce ruwan toka. 'Yar tasa nas ce. Ta ce duk ranar da ya fita sai ya dawo ido ja, jijiyar wuya a tashe, yana zagin mutanen da ba sa wurin.

"Baba, tuƙin nan ya daina yi maka daɗi. Kashe ka zai yi."

"Daɗi yake min."

"To wa ya tauna bakin hularka?"

Ya tura hular aljihu. Da ƙyar ta mayar da makullin, amma da sharaɗi. Kullum ya dawo za ta ɗaura masa abin awon jini a damtse. Ranar da jini ya hau, makulli ya koma jaka, mota ta tafi wurin dillali, shi kuma ya zauna a falo jikoki suna canza masa tasha.

Sai ya zo wurina. Ya san inda zai zo. Na tuƙa babbar mota tun lokacin da hanya take hanya. Na ba shi matakai, ga su nan na sa an rubuta. Kai ma in ka bi su yadda na faɗa, tuƙi zai yi maka daɗi, jininka zai kwanta, makullinka zai kwana a aljihunka. Wannan tabbas ne. Ba na maimaita magana, saboda haka ka natsu.

Mataki na ɗaya: Ka cire zancen isa wuri daga ranka

A zamaninmu mutum kan shiga mota ne don ya je wani wuri. Wannan ya wuce. Yanzu duk wanda ya fito da niyyar isa, da ciwonsa ya fito.

Na tambayi Mai Agogo, "In ka fita ina kake zuwa?"

"Kasuwa."

"Ka taɓa isa?"

Ya yi tunani. "Nakan hango ta dai."

"To ka ga matsalarka. Kwaɗayi."

Mota yanzu ɗaki ce mai taya. Ka ɗauke ta a haka. Ka sa matashi, da fulas ɗin shayi, da silifas, da tawul. In akwai tsohon labule a gida, ka rataya ta ɓangaren rana. Wanda yake zaune a ɗakinsa ba ya makara.

Mataki na biyu: Ka girmama rami

Kada ka kauce wa rami. Duk ramin da ka kauce wa, yayansa na gaba yana jiranka, kuma ya ji labari. Ka rage gudu, ka shiga da ladabi, ka fito ba ka ce komai ba. Wasu ramukan sun girmi direbobin da ke zaginsu.

Akwai wani a kwanar gidan mai, in ruwa ya cika shi agwagi ke wanka a ciki. Da can Mai Agogo tun daga nesa yake fara yi masa tsaki. Yanzu gaishe shi yake yi. Ranar da ramin ya haɗiye masa murfin taya bai ɓata rai ba. Ya ce ajiya ya ba shi.

Mai hankali ba ya faɗa da abin da zai tarar gobe a inda ya bar shi.

Mataki na uku: Matar cikin waya

'Ya'yanka za su sa maka wata mata a waya, wai mai nuna hanya. Muryarta sanyi, ba ta fushi, kuma ba ta taɓa canza taya ba. Za ta ce ka juya dama, ka duba dama ka ga katanga. Za ta ce saura kaɗan ka isa, alhali na gabanka ya kashe inji yana wanke safa.

Mai Agogo ya sha gardama da ita. "Baiwar Allah, kin taɓa zuwa unguwar nan?" Sai ta ce ya juya dama. Saura ƙiris ta kai motarsa ga dillali.

Kada ka yi musu. Duk abin da ta ce, ka ce to. Sannan ka naɗe ta a tawul ka tura ƙarƙashin kujera. Tana can tana juya dama, kai kana nan.

Mataki na huɗu: Ka canza wa zagi riga

Zagi ba ya barin bakin direba, kada wani ya ruɗe ka. Ka bar muryar yadda take, ka canza abin da take ɗauke da shi. In mai babur ya gogi madubinka, ka zuro kai ka daka masa tsawa: "Allah ya yi maka albarka, kai da wanda ya koya maka." Shi ya gane. Kai ka huce. Abin awo bai ji komai ba.

Hon kuma na gaisuwa ne. Mai danna hon a cunkoso kamar mai sallama ne a ƙofar kango.

Mataki na biyar: Ka zaɓi cunkosonka

Nan ne aikin yake. Ba kowane cunkoso ake shiga ba. Akwai na tsakar rana, ba inuwa ba mutunci. Akwai na bayan motar shara. Ka nemi mai inuwa, mai daɗewa, wanda mutanensa ba sa canzawa.

Mai Agogo ya sami nasa a shataletalen da ke gaban shagunan kayan gyaran mota, ƙarƙashin wata babbar bishiya. Hanyoyi ne suka haɗu a wurin, kowa na ganin hannunsa ne, ba mai wucewa. Kullum da safe fuskokin jiya ne. Akwai direban bas da ake kira Dogo, gajere ne, sai ya hau matashi yake hango titi. Akwai mai aski da ke yawo tsakanin motoci da jakarsa.

Da farko gaisuwa ce ta taga. Daga nan Dogo ya kawo katako suka gitta tsakanin tagoginsu suna dara a kai. In layi ya motsa, tare suke matsawa kada 'ya'yan dara su zube. Mai aski kan aske wa Mai Agogo kai ta taga. Wata rana layi ya yi saurin da ba a saba ba, ya koma gida da rabin kai. Bai damu ba. Ya sa hula, washegari aka ƙarasa.

Sannan wata safiya Dogo ya zuro hannu.

"Tsoho, an ce kai ne likitan agogo. Wannan tun bara ya tsaya."

"Kai da ba ka zuwa ko'ina, me za ka yi da lokaci?"

"Ina so in san tsawon lokacin da na yi ban je ba."

Mai Agogo ya buɗe aljihun mota, ya ciro gilashin da yake maƙalawa a ido da 'yan ƙananan kayan aikinsa da ya daɗe bai taɓa ba. Ya ɗora faranti a kan sitiyari. Kafin layi ya motsa agogo ya tashi. Labari ya bi motoci. Ashe mutanen cunkoso ne kaɗai suka rage a duniya masu duba agogo. Ana miƙo masa daga taga zuwa taga, hannu zuwa hannu. Ya fara fita tun sassafe kada wani ya riga shi inuwa.

Mataki na shida: In an zo bincike, kada ka ɓoye komai

Nas ta ɗaura awo ta ga jinin uban ya kwanta kamar na jariri. Ta bubbuga abin, ta canza batir, ta sake. Haka dai. Ta ce akwai magana. Ranar da take aikin safe ta ce shi zai kai ta asibiti.

Ya kai ta shataletale ya kashe inji. Ya cire takalmi ya sa silifas.

"Baba, babu wata hanyar?"

"Akwai. Ba ta da inuwa."

"Na makara fa."

"Zuba shayi. Ga Dogo nan, gaishe shi, kawunki ne."

Ta gaishe shi haƙora a cije. Ta leƙa ta taga, ta dawo, ta kira wurin aiki, ta sake leƙawa. Ta kai hannu za ta danna hon, uban ya riƙe hannun. Ya zaro abin awon daga jakarta ya ɗaura mata, ya ƙura ido.

"Likita, wannan hawa ne ko sauka?"

Ta duba ta kau da kai.

"Dogo, zo ka gani. Wannan ko zaman fasinja bai kamata a bar ta ta yi ba."

Da ƙafa ta ƙarasa asibiti, kuma ta riga kowa. Makulli ya kwana a aljihunsa. Ka ga amfanin jin magana.

Mataki na bakwai: Ka yi hattara da masu gyara

Duk inda mutum ya sami wurin hutawa sai an zo gyara. Hukuma ta fara ɗora gadar sama a kan shataletalen. Lokacin aikin, cunkoso ya ninka, Mai Agogo har ƙiba ya yi. Na gaya masa kada ya saki jiki.

Ranar da aka buɗe gada ya fito da fulas da faranti. Ba kowa. Titi ya miƙe fetal. Motoci na wuce shi kamar an harbo su. Ƙafarsa ta manta inda totur yake, hannunsa ya lalubi giya ta uku bai same ta ba. Dogo ya wuce ta sama, rabin gaisuwa ya bari a iska. Kafin ya ankara ga shi a bakin kasuwa. Ya zauna yana kallon ƙofa. Ya rasa abin da ya zo saya.

Ya dawo gida ko shara ba a gama ba, aljihu cike da agogon mutane, bai san inda zai ga masu su ba. Nas ta ɗaura awo. Abin ya yi ta hawa kamar farashin mai.

"Baba."

"Batir ne."

"Sabo ne. Yau na yafe, don na ga kamar ka tsorata. Gobe in na ga haka, dillali zan kira."

Mataki na takwas: In ba cunkoso, ka haɗa naka

Ban so a kai nan ba, amma in kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take.

Ka nemi inda titi ya tsuke, a gangaren gada, kusa da bishiyarka. Ka gitta mota, ba a tsaye ba, ba a kwance ba. Ka kashe inji, ka buɗe bonet, ka koma ciki ka sa silifas. Sauran aikin jama'a za su yi maka. Na baya zai so ya wuce ta dama, na bayansa ta hagu, na gaba ya shigo hannun da ba nasa ba. Cunkoso ba ya bukatar taki.

Haka Mai Agogo ya yi. Kafin rana ta ɗaga, layi ya hau gada ya sauka ta ɗaya gefen. Masu talla suka ji ƙanshi suka dawo. Mai aski ya ɓullo da jakarsa kamar a bayan bishiyar ya kwana. Dogo ya kutso da bas har ya daidaita taga da taga, fasinjoji na tsine masa, shi yana zaro katako. Masu agogo suka karɓi kayansu, wasu suka kawo sababbi.

Sai ga jami'in hanya, gumi sharkaf. Ya leƙa inji.

"Baba, me ya lalace?"

"Titin."

"A motar nake nufi."

"Motata lafiyarta ƙalau. Kana da agogo?"

Jami'in ya roƙa, ya yi barazana, ya ce zai kira janwe a ja motar. Janwe na can ƙarshen layi. Daga baya jami'in ya jiyo wata murya a ƙarƙashin kujera tana cewa a juya dama. Ya zaro wayar daga tawul, ya kira lambar da aka rubuta wa Likita. Nas ta zo a bayan babur da farar rigarta, tana ratsa motoci.

Ta kamo damtsen uban. Ta ɗaura awo. Jami'i ya leƙo, Dogo ya leƙo, mai aski ya tsaya da reza a sama. Jini lafiya lau, ya fi na kowa a titin.

"Sharaɗi sharaɗi ne," in ji Mai Agogo.

"Baba, naka ya sauka, na gari ya hau. Ga mai kai ƙanƙara can ya koma mai sayar da ruwa. Likitan da muke jira tun safe yana kan gada yana cizon sitiyari. Ba ni makullin in matsar da ita, wallahi zan dawo maka da shi."

Ta miƙa hannu.

Kafin ka ji amsarsa, ka ji tawa. Ni shawara na bayar, ban tuƙa motar kowa ba. In an ja motarka, in an tsare ka, in surukinka na cikin layin ya gane lambarka, in ka koma gida da rabin kai, babu ruwana. Kada a turo min kowa. Kada kuma a gaya wa nas ni na koya masa, ni ma ita ke auna ni. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Mai Agogo ya dubi hannun 'yarsa. Ya dubi layin da ya hau gada, ya dubi Dogo da ke jiran ya yi wasansa. Ya zare makullin, ya jefa a aljihun ciki, ya dafe da hannu ɗaya. Ɗaya hannun ya tura ɗan dara gaba.

"Ba zan bayar ba. Kuma ba zan matsa ba."