Yadda Za Ki Kori Mai Zance da Firoton da Niyutiron

'Yar'uwa, idan samari sun hana ki rubuta kundin digirinki, kunya kuma ta hana ki ce su daina zuwa, ga magani sahihi. A unguwarmu Gawon Nama na gwada shi. Aikinsa kamar yankan wuƙa.

1. Ki bari ya tambaya

Kowannensu sai ya ce, "Wai mi kike karantawa a jami'a?" Sunkuyar da kai, ki ja bakin mayafi. Ya shigo hannu.

2. Ki fara da tagwaye

Ki ce, "A cibiyar kowace ƙwayar zarra akwai firoton da niyutiron. Nauyinsu kusan ɗaya. Ƙarfin da ke ɗaure su kamar uwar tagwaye yake, abin da ya yi wa Hassan shi yake wa Hussaini."

Zai washe baki, a zatonsa kin fara zancen haihuwa. Ƙyale shi.

3. Ki ɓata masa rai a hankali

"Sai dai firoton na da cajin lantarki, ɗan'uwansa ba shi da shi. In aka musanya adadinsu, ya kamata cibiyar ta fito sak kamar a madubi, amma sai ta ɗan karkace. Karkacewar nan nake lissafawa."

Masana sun tabbatar: namiji na jure sauro da hararar yayye, ban da lissafi a tsaye.

4. Ki ɗauki tsinke ki zana a ƙasa

A nan wani saurayina, Maccido, ya ce, "Bari in duba babur ɗina." Har yau yana dubawa.

5. Ki yi hattara da mai tambaya ta biyu

Zulkifilu, mai yadi a Ƙofar Taramniya, tsugunawa ya yi gaban zanen.

"To in an cire cajin, sai su daidaita?"

"A'a, akwai ɗan saura."

"Mi ya kawo wanga saura, malama?"

"Babin da ban gama ba ke nan."

"To ki gama. Jumma'a ina nan tafe in ji."

Idan kin haɗu da irinsa, ki ce ana kiranki a ciki. Ni ban ce ba.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, babu ruwan marubuciya. Babin dai ya kammala kafin Jumma'a, don ba zan tsaya gabansa babu amsa ba. Wadda kuma ta ji Gwaggo Tani na yawo gida-gida da samfurin anko, kada ta tambaye ni. Ni kimiyya kawai na koyar.