Rasuwar Gogo Mai Ƙofa Uku, Da Batun Wadda Za Ta Gaje Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda duk da haka ta miƙa wuya ga hukuncin Allah, ni Bobboyi na unguwar Yolde Pate, a madadin iyalina da duk wanda ya taɓa ɗaga mana hannu a bakin titi, nake sanar da rasuwar motarmu, wadda kowa ya sani da suna Gogo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tsakiyar titi gaban babbar kasuwar Jimeta, keke napep huɗu a bayanta suna ta danna mata hon, babu wanda ya san gawa yake yi wa tsawa. Shekararta goma sha tara a hannuna. Shekarunta na haihuwa kuwa Allah kaɗai ya sani, don takardunta da lambar da ke ƙashin bayanta ba su taɓa faɗin abu ɗaya ba.

Marigayiya doguwar mota ce mai kujeru layi uku. Na saye ta a Mubi, lokacin ina sayar da hatsi a can, daga hannun wani mai gidan burodi. Mai ɗakina Hanifa, wadda yara ke kira Dada, ita ta raɗa mata suna, ta ce halinta ɗaya da ƙanwar mahaifina: sai ta gama mita tukuna, sannan ta ɗauki kayan da aka ɗora mata.

A gilashinta na baya akwai wani jan rubutu. Ni ban shiga aji ba sai da na haura hamsin, a makarantar manya ta yamma a nan Yola. Kafin nan shekara tara ina zaton addu'ar hanya ce, irin wadda ake rubutawa a jikin manyan motoci, har nakan shafa ta in za mu yi doguwar tafiya. Ranar da na fara haɗa baƙi, na zagaya bayanta na karanta da kaina, a hankali: BURODI MAI ZAFI YA ISO. 'Ya'yana sun sani tun tuni. Babu wanda ya faɗa mini. Ban goge ba, don a iya sanina bai taɓa kai mu ga haɗari ba.

Gogo ba ta tashi da gaggawa. Da safe in na murɗa makulli sai ta ce, "Ƙirrr… ƙirrr… uhum," ta yi shiru. Mai gajen haƙuri a nan yake kashe batir. Ni nakan jira ta gama tunani, sai ta ce, "Gududududu," unguwa ta san gari ya waye. Hon ɗinta kuwa "meee" yake cewa, har awakin maƙwabta sukan amsa. Ita mai yawan magana ce, ni mai sauraro, shi ya sa ba mu taɓa saɓawa ba.

Ta ɗauki amare, ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki ragunan layya da kwanon rufi. Sau da yawa ta raka mutane maƙabarta, na masallaci da na coci, ba ta taɓa tambayar wanne ne ba. Amma babban aikinta shi ne na ƙarshen Oktoba 2014, safiyar da harbi ya shigo Mubi. Mu shida muka fito daga gida. Kafin mu bar kwalta mun zama goma sha bakwai da keken ɗinki ɗaya. Cikin waɗanda suka ɗaga mana hannu akwai wata baiwar Allah 'yar Michika da jikoki biyu, ita ce Mama Hilda, wadda yau katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nawa. Muka bi hanyar daji. A wani rafi mai yashi Gogo ta nutse har ciki, ƙarar bindiga tana matsowa. Kowa ya sauka, tsoho da mai goyo, aka sa mata kafaɗa. Ɗana Nuruddeen, yana da shekara goma sha bakwai a lokacin, ya tura ta ta kusurwar hagu har ƙarfen ya loɓa. Ta yi kuka irin wanda ban taɓa ji ba, "Wuuuuu," ta fita. A nan ƙofarta ta huɗu ta ɓalle, muka ɗaure da igiyar guga. Igiyar tana nan har ranar da ta cika.

Jinyarta ta ƙarshe ta yi tsawo. Tun damina ta fara tari da farin hayaƙi, ta koma shan baƙin mai fiye da fetur, daga baya ruwa da mai suka haɗu a cikinta. Likitanta Ishmael, bakanike a Jambutu, wanda ya yi shekara goma yana duba ta, ya kara kunne a injin, ya daɗe, sannan ya goge hannu ya ce, "Baba, wannan mota ya gama aikinsa. Ba gyara ya rage ba, haƙuri ne."

Ta rasu ta bar ni, da Dada, da 'ya'ya biyar da jikoki. Ta bar Ishmael, wanda ya ce bai san inda zai riƙa ganina ba yanzu. Ta bar tayar safaya da ba a taɓa samun iska a cikinta ba, da jarkar ruwa mai cin lita goma. Ta kuma bar tsofaffi uku, Mama Hilda da ƙawayenta biyu, waɗanda take kaiwa asibiti a Jimeta duk ranar Alhamis awon hawan jini.

Masu ta'aziyya da dama sun tambaye ni wadda za ta gaje ta. Ban so a ta da zancen gado kafin a yi jana'iza ba, amma an riga an ta da shi, don haka ga yadda aka yi.

Nuruddeen yanzu yana Abuja, Allah ya buɗa masa. Ranar da ya ji labari ya kira ni ya ce ya yi magana da Ɗanburam, dillalin motoci a Jimeta, a ba ni babbar jif, irin mai ƙafa huɗu duk suna ja, wadda ba ruwanta da yashi ko laka. Ƙanwarsa Khadijah, wadda ke gefena tana jin wayar, ta ce akwai ƙaramar jif mai sauƙin kuɗi da sauƙin mai, wadda ta fi dacewa da tsoho. Ya ce mata, "Ke kina bayan Dada ranar Mubi, ba ki san komai ba. Baba, in ranar ta sake dawowa, Allah ya kiyaye, wacce za ta fitar da ku daga rafi?" Na ce, "To." Ya yi kusan awa guda yana bayani, ina cewa to. Ya ɗauka na amince. Ni kuwa sauraro nake yi.

Ɗanburam ya ce in gwada kowacce na kwana ɗaya. "Alhaji," in ji shi, ko da yake ya san ban je Makka ba, "wannan in ka shiga, ko gwamna sai ya leƙo ya ga wane ne."

Babbar ta zo ranar Alhamis. Ba zan ci amanarta ba, halitta ce mai kyau. Baƙa wuluk, gilashi baƙi, kujerun fata masu ƙamshi, esi kamar cikin randa. Ramukan layinmu da Gogo take gaishe su ɗaya bayan ɗaya, wannan ko sanin suna nan ba ta yi ba. Na tsaya ƙofar Mama Hilda na danna hon. Ta leƙo, ta koma ciki da sauri. Sai da na sauke gilashi na kira ta.

"Yesu! Malam Bobboyi, kai ne? Na ce ko mutanen gwamnati ya zo rushe katanga. Tsaya in canja zani."

Ta canjo na zuwa coci. Ta zo bakin ƙofa ta ɗaga ƙafa, ƙafa ba ta kai ba. Dada ta kawo turmi aka kifa. Kafin ta taka turmin, sai ta yi abin da kowa yake yi in zai shiga zauren babban mutum: ta tuɓe takalmanta, ta jera su a gefen titi. Ƙawayenta biyu suka ga haka, su ma suka tuɓe. Ni ina can sama a kan sitiyari, ban ga ƙasa ba. Na ja mota.

Tun daga Yolde Pate har Jimeta babu wadda ta yi tari. Shekara goma sha ɗaya ina jin labarin duniya daga kujerar baya duk Alhamis: wa ya haihu, wa ya yi yaji, kuɗin manja, ciwon gwiwa, huɗubar fasto. Ranar nan sun zauna a bakin kujera, hannu a cinya, kamar masu jiran alƙali. A mahaɗar da mutane suka saba tsayawa jiran Gogo, na ga fuskoki huɗu da na sani. Na rage gudu. Suka kau da kai, ɗaya ma ya ja da baya don kada ya taɓa ta. Mai ba da hannu a shataletale, wanda kullum yake ce mini, "Baba mai burodi, yau ma babu na ɗanɗano?" ya ƙame ya sara mini. Na ɗaga masa hannu, bai gani ba.

A ƙofar asibiti tsofaffi uku suka sauko ƙafa ba takalmi, a kan kwalta mai zafi, suna ɗingishi. Da muka dawo mun sami takalma biyar cikin shida. Ɗayan na Mama Hilda, na dama, har yau ba a gan shi ba.

Da yamma ta zauna a kan turmin nan ta faɗa mini abin da ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce, "Ka san ranar Mubi, kafin kai manyan mota uku ya wuce ni, masu baƙin gilas. Ba su ƙi ni ba fa, kada in yi musu ƙarya. Ni ce hannuna ya ƙi tashi. Da na ga naka yana hayaƙi, an rubuta burodi, na ce wannan namu ne."

Na ce, "To."

Ƙaramar ta zo ranar Asabar. Fara ce, gajera, mutum biyar take ci, na shida sai an yi zumunci. A kwalbatin ƙofar gidana cikinta ya gogi ƙasa, ta ce, "Ƙurrr." Ishmael ya leƙa ƙarƙashinta ya ce, "Baba, kar ka kai shi gona da damina, sai dai a je da shanu a jawo ku." Gaskiya ya faɗa. Mama Hilda ta buɗe ƙofa ba sallama, ta shigo da takalmi da kwandon bandar kifi, ta ce a kai ta kasuwa. Tun daga gida take zagin motar. "Wannan mota ne ko akwatin ashana? Ina zan sa gwiwa? Ko Gogo da igiyarsa ya fi wannan mutunci." A mahaɗa wani ya ɗaga hannu tun daga nesa, ya shiga, ya ce in bi da shi Jambutu tunda hanya ce. Ba hanya ba ce. Na bi da shi.

Nuruddeen, kai nake nufi da wannan sakin layi. Sau uku na ɗauki waya, sau uku ka fara magana na koma cewa to. Tunda Allah ya sa na iya rubutu, bari in yi amfani da shi. Ba ka yi ƙarya ba: babbar za ta ƙetare rafin nan ba tare da an tura ta ba, ƙaramar kuwa za ta nutse tun a baki. Na san ba gwamna kake so ya leƙo ni ba. Na san har yanzu kana jin ƙarar da muka ji a bayanmu, ni ma ina ji. Amma na ƙirga waɗanda suka tura Gogo ranar nan, goma sha ɗaya daga cikinsu a bakin hanya muka same su. Da a babbar muka fito, da mu shida za mu iso Yola, cikin sanyi, kujeru biyu babu kowa. Na faɗa wa Ɗanburam ya bar mini ƙaramar. Ya yi jimami fiye da na rasuwar Gogo. In ka yi fushi, ka zo ka yi shi a gida, zan saurara.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar. Janwe zai ɗauko marigayiya daga garejin Ishmael zuwa bakin layinmu. Daga nan ba inji, da hannu za mu tura ta zuwa ƙofar gida, ta yi sallama da unguwa kafin 'yan gwangwan su tafi da ita Litinin. An raba abin da ta bari kamar haka: kujerar baya ta Mama Hilda ce, za a ajiye ta ƙarƙashin dalbejiya, hon na Ishmael ne, gilashin baya da rubutunsa nawa ne, igiyar kuwa za ta koma cikin but ɗin magajiya, wato ƙaramar jif, don ba a sani ba.

Ba a buƙatar kuka, Dada za ta dama kunun gyaɗa. Wanda ya tsinci takalmin roba shuɗi, na ƙafar dama, ya taho da shi. Magajiya za ta fara aiki ranar Alhamis ƙarfe bakwai, ana shiga da takalmi.

Masu tura gawa kowa ya kama inda ya samu, ban da kusurwar hagu ta baya, inda ƙarfe ya loɓa. Ishmael ya sha cewa zai buge wurin ya miƙe, ina hana shi. Wannan wurin na Nuruddeen ne, kuma ba za mu ɗaga ba sai ya iso.