Ranar da Na Ƙone Takin Baba Ilu

A shekarun da kuɗin fetur suka fara yawa, na dawo Jibiya daga Kaduna da takalmi sau-ciki da kuma tabbacin cewa ni garinmu yake jira in gyara shi. Dama mutanen unguwa sun daɗe suna ƙorafin shara, musamman gwangwanaye da kwalayen da direbobin Maraɗi ke zubarwa a bakin hanya.

Sai idona ya faɗa kan wani ƙaton juji a bayan gidanmu. Ban tambayi kowa ba, don a ganina wanda ya zauna birni ya wuce tambaya. Na sayo galan guda na fetur, na yayyafa, na ƙyasta ashana, na koma gefe na harɗe hannuwa ina jiran godiya.

Wuta ta kama ke nan sai ga maƙwabcinmu Baba Ilu da jakuna uku da mangaloli. Ya daɗe yana kallon hayaƙin, sannan ya ce a hankali, "Ɗan nan, mi takina ya yi maka? Tun kaka nike tara shi. Yau za ni kai shi gonata da ke ƙauyen Mazanya."

Na ce, "Baba, a Kaduna shara ake ce wa wannan."

Ya ce, "To, a Kadunar mi suke ci?"

Daga ranar sunana ya koma Duba-gari. Yau ina da jikoki, amma in na doshi majalisa, sai wani ya gyara zama ya ce, "Kowa ya rufe takinshi, ga Duba-gari nan tafe da ashana."