Ranar da Ɗalibata Ta Yanke Mini Hukunci

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarata ta farko a aikin koyarwa, a wata kwaleji da ke Jiratawa. Malamin kwantiragi ne ni, kuma da yake malamai sun yi ƙaranci, duk darasin da ya rasa mai shi ni ake miƙa wa. Da safe in koyar da muhalli da kiwon lafiya, da hantsi tarihi, kafin azahar in rikiɗe in zama lauya ina bayanin dokokin ƙasa, sannan in rufe da adabi. (Har ta kai idan na shiga aji yara, masu kirana Mushe, wato malam a bakin 'yan Faransanci, kan tambaye ni, "Mushe, yau wane ne kai?")

Da bikin makon makaranta ya matso, darakta ya kira ni ya ce in shirya wa baƙi wani abu. Bai ɓoye mini ba: bayan bikin ne zai faɗa wa na sama ko a sabunta kwantiragina ko a sallame ni. Lokacin matata tana da tsohon ciki, saboda haka maganar ta zauna mini a ƙirji.

Sai na yi dabarar da na ɗauka ba a taɓa yin irinta ba. Na rubuta wasan kwaikwayo da ya haɗe darussana kaf: shari'ar wani mutum da ya sare gawo ba izini. Likita zai zo ya faɗi amfanin itatuwa ga lafiya, wata tsohuwa ta tuna shekarun fari, lauyoyi su yi ta ja. Alƙali kuwa na ba Hadiza, yarinyar da ta fi kowa kaifin baki a ajin. Babban baƙonmu shi ne jami'in gandun daji, na ce to, shi ke nan, ɗinkin ya yi daidai da mai riga.

Da safiyar bikin na tuna ba mu da shaidar da za a nuna wa kotu. Na ari adda wajen maƙwabcina a unguwar Zariya ta cikin Maradi, na hau babur. Dab da shiga Jiratawa na hangi wani ɗan gawo a gefen gona, tsawonsa bai wuce ƙirjina ba, da jan tsumma a jikinsa. Ni ɗan birni ne, a Maradi kuwa kowace ƙaya da ledarta da tsummanta, don haka ban kawo komai a raina ba. Na sare shi, na ɗaure a bayan babur, ina ta yaba wa kaina.

Wasa ya fara lafiya lau. Iyaye sun cika fili, jami'in yana gyaɗa kai, darakta yana satar kallona yana murmushi. Ina laɓe bayan zana ina jin kamar an riga an sa mini hannu. Hadiza ta buga tebur ta ce a kawo shaida, aka jawo gawon aka ajiye gabanta.

Sai ta tsura wa jan tsumman ido. Na raɗa mata maganarta daga bayan zana, ko motsi ba ta yi ba. Ta miƙa hannu ta taɓa tsumman, ta ce, "Wanga ai tsohon ɗankwalina ne. Baba ya ɗaura shi ga gawon gonarmu."

A nan na gane ɓarnar da na yi. Manoman yankin idan gawo ya tsiro musu a gona ba sa sassabe shi, gyara shi suke su rene shi, wasu su ɗaura masa ƙyalle don a san yana da mai shi. Abin haushin, ni da bakina na koyar da wannan a darasin muhalli, har na ba da maki a kai.

Mahaifinta, Malam Idi, ya miƙe daga cikin taro. Bai ɗaga murya ba, tambaya kawai ya yi wa ya sare. Ɗalibin da ke fitowa a matsayin mai laifi ya manta da wasa yake, ya hau rantsuwa: "Wallahi ba ni ne ba, Mushe ya kawo shi bisa babur." Fili ya kece da dariya. Na fito daga bayan zana, gumi har cikin takalmi, na durƙusa gaban dattijon na ba shi haƙuri. Kunya dai na ji ta, amma yadda yake kallon icen nan a kwance ya fi komai yi mini ciwo.

Jami'in ya bari aka lafa, sannan ya juya wajen Hadiza ya tambaye ta mene ne hukuncin kotu. Yarinyar nan ta gyara zama, ta zayyano abin da na rubuta mata da hannuna: mai laifi zai dasa itatuwa a madadin wanda ya sare, ya yi ta ba su ruwa har su tsallake rani. (Ni na ƙara zancen ranin, don a ji kotu ba ta wasa.) Jami'in ya ce ba shi da abin ƙarawa. Malam Idi ya ce ya yafe, kuma rijiyarsa tana nan, guga kawai zan zo da shi. Kafin magariba labari ya isa garin Tsibiri wajen surukaina.

Washegari na shiga ofishin darakta a shirye nake in ji sallama. Ya dube ni yana danne dariya ya ce, "Ina za ka? Wanda kotu ta ɗaure har ƙarshen rani ai ba a sakin shi. Ka dawo baɗi."

Haka na sami aikina, da guga a hannu. Yanzu ko tsinken sakace zan karya sai na tambayi mai shi. Kuma duk hukuncin da zan rubuta wa wani nakan sassauta, tunda ban san kan wa zai faɗa ba.