Shari'ar Tinya a Kwarin Ɓaure

A wani daji da ake kira Kwarin Ɓaure, inda a da inuwa ke hana rana ganin ƙasa, aka wayi gari da baƙuwa. Wata shuka ce gajeriya mai kauri, ba ganyen kirki sai ƙaya, ta tsaya a kan tudun arewa kamar mai jiran wani. Tsofaffi suka ce sunanta Tinya, kuma asalinta can ne cikin duwatsun hamada.

A shekarun nan damina ta koyi rowa. Ciyawa tana bushewa kafin ta yi tsawo, tafkin tsakiyar daji kuma yana ta ja da baya. Majalisar dabbobi ba ta taɓa zama a kan wannan ba, domin shugabarta, Magajiya Dorina, a cikin tafkin take wuni, kuma ta tabbatar wa kowa har yanzu ruwa yana kai mata wuya. Ba ƙarya ta yi ba. Da a tsaye yake kai mata, yanzu sai ta kwanta.

Amma zancen baƙuwa, ranar da ya iso aka buga ganga.

Aka fara kiran Gadu, Sarkin Ƙofa, wanda aikinsa ne tsaron iyakar arewa, ko da yake an fi samunsa a cikin rami. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba, ya ce, "Ranki ya daɗe, tun da aka ba ni wannan muƙami ko ƙuda bai wuce ni ba. Wannan baƙuwa ba ta ƙofa ta shigo ba. Akwai wanda ya shigo da ita, kuma ɗan gida ne."

Aka aika wa Tinya sammaci. Ba ta zo ba. Aka sake aikawa, ba ta ko motsa ba. Sai Alƙali Burtu, wanda ba ya taka ƙasa sai ya yi tunani a kan takun, ya ce tun da mai laifi ta ƙi zuwa kotu, kotu za ta je wurinta. Dabbobi suka ɗunguma zuwa tudu cikin zafin rana, Magajiya Dorina tana haki a baya.

"Ke baƙuwa," in ji Burtu, "wa ya ba ki izinin zama a nan?"

Tinya ta yi shiru.

"Su wa kika bari a baya, kuma yaushe za su iso?"

Shiru.

"Jama'a ku shaida," in ji Burtu. "Ta raina kotu."

Ana cikin haka sai wani ɗan hanci ya leƙo daga gindin Tinya. Iya Tambai ce, wata tsohuwar bushiya, da 'ya'yanta a bayanta. Gadu ya yi tsalle. "Ga ta nan! Ku dubi bayanta, ku dubi jikin baƙuwar. Ƙaya da ƙaya! Wa zai ce ba dangi ba ne?"

Iya Tambai ta fito. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni a dajin nan aka yanke mini cibiya. Ƙayar nan ma gadonta na yi, ban aro ba. Kurmin da nake ciki ne ya bushe, shaho ya ɗauke mini ɗa ina kallo. Na zo na yi kuka a majalisa, aka ce in dawo bayan damina. Na dawo, aka ce ai daminar ba ta yi ba tukuna. Sai na ga wannan baiwar Allah ta tsiro, shaho ba ya sauka a kanta, na shigo da sauran. Ban tambaye ta garinsu ba, ita ma ba ta tambaye ni ba."

Wasu dabbobi suka sunkuyar da kai. Burtu ya ce tausayi ba hujja ba ne, ya nemi shaida. Shamuwa, wadda ke yawon ƙasashe tana dawowa da farkon ruwa, ta sauko daga reshe tana gyara fiffike, domin tana son a san ta ga duniya.

"Ranki ya daɗe," in ji ta, "ni da na keta ƙasashen da ko sunansu ba ku iya faɗa ba, na ga gidan su Tinya. Zafin can yanzu ya fi ƙarfin su kansu. Manyansu suna ƙonewa a tsaye a kan duwatsu, ƙananan kuwa sai gaba suke yi, duk inda ƙasa ta bushe daidai yadda suka saba. Ba wanda ya kawo ta. Ta zo ne ta tarar nan ya zama kamar gida."

Magajiya Dorina ta buɗe baki har aka ga dasashinta. "Kamar gida? Kwarin Ɓaure kike kwatantawa da hamada? To, tun da kin yi magana, ke ce mai zuwa da damina, kuma shekarun nan a makare kike zuwa. Za mu dawo kanki."

Shamuwa ta tuna tana da wani uzuri a kudu.

Burtu ya yanke hukunci. A tumɓuke Tinya. Iya Tambai kuma ta bar daji kafin kaka, ita da 'ya'yanta.

Gadu ya nemi a bar masa aikin. Ya ja da baya, ya zabura, ya kafta wa Tinya haure. Farin ruwanta ya fantsama masa a ido, ya yi ta birgima yana kiran uwarsa. Da ya farfaɗo, cikin fushi ya daddatsa ta, ya bi kusurwoyin daji yana jefar da guntayen domin ya zama darasi ga masu niyyar zuwa. Aka yi masa guɗa, aka ƙara masa muƙami.

Ɗan yayyafin da aka samu a shekarar bai ishi ciyawa ba, amma ya ishi guntayen. Kowanne ya kama ƙasa ya yi saiwa. Kututturen da ke tudu ma ya sake tohowa.

Majalisa ta shiga tsaka mai wuya, domin ta riga ta yi shelar nasara. Burtu ya kwana biyu yana taku, sannan ya zo da mafita. Ya ce a shari'ance, daji yana ƙarewa ne a inda inuwar ɓaure ta ƙare. Duk abin da ke wajen inuwa ba ya cikin daji. Tinya kuwa ba ta tsira a inuwa. Saboda haka babu Tinya ko ɗaya a Kwarin Ɓaure, kuma ba za a taɓa samu ba.

Da kaka ta yi, Iya Tambai ta ɗaure 'yan komatsanta tana hawaye, ta je yi wa Alƙali sallama, ta tambaye shi ta ina za ta bi. Burtu ya ɗaga kai ya dubi tudun arewa. Ɓauren da ke wurin ya riga ya bushe, ba ganye ko ɗaya.

"A can kike zaune?"

"A can, Allah ya gafarta Malam."

"Ai kin riga kin fita. Kotu ta yaba da biyayyarki."

Ta koma gida ta kwance kayanta. 'Ya'yanta suka girma a gudun hijira, a ɗakin da aka haife su.

Haka aka ci gaba. Duk shekara wani ɓaure ya bushe, iyaka ta matso, majalisa ta ja tabarmarta kudu kaɗan, Gadu ya kawo rahoton cewa ba baƙon da ya shigo. Har aka kai ga ɓaure guda ya rage a bakin abin da ake kira tafki, dabbobi duka suna cunkushe a ƙarƙashinsa, wutsiyar wannan a bakin wancan.

A taron shekarar, Magajiya Dorina ta yi jawabi mai ratsa jiki, ta ce tun kafuwar Kwarin Ɓaure ba a taɓa samun shugabancin da ya kusanto da jama'a wuri ɗaya irin nata ba.

Ba wanda ya musa. Ba a dai yi tafi ba, saboda babu wurin ɗaga hannu.