Dunduniyar Konsaye Abdulmutallib

Akwai wani sirri a unguwar Zariya ta Maraɗi, za ku ji shi, amma ku dakata tukuna. Ba a shiga gidan babban mutum ba sallama.

Babban mutumin kuwa shi ne Konsaye Abdulmutallib, Giwar Unguwa, Mai Jawabi Ko A Wurin Suna. Sojoji sun rushe majalisar gari tun bara, amma ba su iya rushe mishi sunan Konsaye, wato kansila, ba. Ko matarshi Hajiya Maijidda, in ta ce "Malam" ba ya waiwaye sai ta ce "Konsaye". Mutum ne da Allah ya yi wa komi babba: rawani, tumbi, murya. Da ciwo ya tashi kama shi kuma, sai ya raina mishi wayo, ya kama dunduniya.

In ya sauko daga gado da safe, sai ka ce ƙusa ya taka. Giwa na tafiya kamar kaza a kan rairayin azahar. Ga shi an buga gangar zaɓe, parti ta ce wata Asabar nan da sati bakwai za a yi tattaki a ƙasa daga babbar kasuwa zuwa filin taro, kuma duk wanda ya ja gaba, shi za a sa a kan lis ɗin ƴan takara.

Aka kai shi Tibiri wurin Majo Kalibu, tsohon ma'aikacin likita. Majo ya latsa wurin, Konsaye ya kira sunan kakarshi.

"Jijiyar tafin ƙafa ce ta ɗaure," in ji Majo. "Ka dafa bango ka miƙe ƙafa baya. Ka murza buteli, kwalba ke nan, da tafin ƙafa. Safe da yamma, sati shida."

Konsaye ya gyara rawani. "Majo, ni da na tura dokoki a majalisa zan koma tura bango? Jikina ba ya karɓar magani sai mai aiki da wutar lantarki!"

A bencin nan akwai Tsahara mai tumatir daga Jiratawa, ita ma ciwonta ke nan, ita ma parti ɗaya, ita ma tana son kan lis. Ta ɗaure shawarar Majo a bakin zane ta tafi.

Shi kuwa sai Yamai, wata kilinik mai inji da ke bugun dunduniya ta-ta-ta kamar maƙeri. Gaskiya ciwo ya ɗan lafa. Sai dai da zai fito, lokotoro, wato likitan wurin, ya miƙa mishi takarda mai hoton mutum yana tura bango, ya ce sai an haɗa da wannan. Konsaye ya naɗe tsire da ita a Dogon Dutsi. Ya dawo ya shaida wa rediyo: "Ilimi ya yi magana! Masu tura bango su ci gaba, ƙila su kai shi Madarunfa."

Sati biyu, ƙusa ta dawo. Tsahara kuwa tana ratsa Jiratawa gida-gida kamar an sa mata taya.

To, ga sirrin. Unguwa ta lura Hajiya Maijidda kullum sai ta hau kabu-kabu ta dawo da kwandon tumatir. Gidan mutum biyu! Tumatir a miya, tumatir a kan rufi, har awaki sun fara ja. Ashe Konsaye ke aikenta wurin Tsahara ta yi ciniki, ta sako zancen ƙafa a fakaice, ta kwaso mishi darasi.

Jiya da hantsi na ga katangarsu tana da ƴar ɓula, na ce bari in duba musu ita saboda zumunci. Sai ga Giwa daga shi sai singileti, ya dafa bango yana nishi, buteli na jiranshi a ƙasa.

"Ba ta gane ba ko?" ya ce.

"Wa? Tsahara?" in ji Hajiya. "Tun kwando na biyu. Ta ce a gaishe ka. Ta ce ka daina ɗaga dunduniya, ka bar ta a ƙasa. Kuma sati shida ba ya shiga cikin kwana huɗu, saboda haka ranar Asabar ta aje maka wuri a amalanken tumatir, can baya."

Konsaye ya buɗe baki zai yi jawabi, sai idonshi ya faɗa cikin nawa.

"Kai! Wane ne nan? Aikin duba ingancin gine-gine nake! Tsaya nan!"

Ya zaburo. Taku ɗaya, taku biyu, dunduniya ta hau kujerar na ƙi. Ni kuwa ban ko yi gudu ba. Tafiya na yi a hankali, irin ta mai dawowa daga gaisuwar mutuwa, har na tsaya na gyara takalmi.